Dariyar da Ba a Gayyata Ba: Tarken Jerin Fina-finan Krrish Bisa Ma'aunin Kasuwar Kifi ta Baga Road

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun daɗe suna nazarin raha da barkwanci, tun daga wasan taubasai da na garuruwa, har zuwa ga irin tsiyar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi ta shuka wa juna a cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Wannan duk dariya ce wadda mai labari ya shirya da kansa, ya kuma gayyaci mai sauraro zuwa gare ta. Akwai wata dariyar kuma da ba a cika kula da ita ba, wato wadda ke kuɓuce wa mai karatu ko mai kallo a daidai inda marubuci ya so a yi kuka, ko a ji tsoro, ko a yi tsit. Ita ce wannan maƙala ta kira dariyar da ba a gayyata ba.

Maƙalar za ta duba yadda irin wannan dariya ke aukuwa a cikin ƙagaggen labarin kimiyya da aka shirya domin matasa. An zaɓi jerin fina-finan Indiya guda uku waɗanda Rakesh Roshan ya ba da umarni, ɗansa Hrithik Roshan kuma ya fito a matsayin tauraro, wato Koi... Mil Gaya (2003) da Krrish (2006) da Krrish 3 (2013). Ma'aunin da za a ɗora su a kai shi ne sanin duniya irin na matashin da ke neman abinci a Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri. Hujjar da za a kafa ita ce, wannan dariya tarke ce, domin tana nuna ainihin gurbin da marubuci ya saɓa alkawarin da ya ɗaukar wa mai kallo. Saboda haka akwai darasi a cikinta ga ɗalibanmu masu sha'awar ƙaga labari.

2.0 Alkawarin Tatsuniya da Alkawarin Labarin Kimiyya

Kowane nau'in adabi yana da alkawarin da yake ƙullawa da mai sauraro tun daga farko. Idan tsohuwa ta buɗe tatsuniya, ta riga ta sanar da yara cewa an bar duniyar yau da kullum, a ƙarshe ma takan rufe da nuna cewa ƙarya ce ta shirya saboda Gizo. Don haka babu yaron da zai tsaya tambayar yadda Ɓotorami ta ji magana, ko nauyin da zaren gizo-gizo zai iya ɗauka. Haka nan babu wanda ya taɓa tuhumar Bello Kagara a kan aljannun da ke cikin Ganɗoki. Aljani ba ya bukatar bayani, domin al'ada da imani sun riga sun yi masa mazauni a zukatan masu karatu.

Labarin kimiyya ya sha bamban da wannan. Shi da kansa yake shigowa da farar rigar ɗakin gwaji, da na'urori, da alƙaluma, yana cewa abin mamakin da za a gani yana da dalili wanda hankali zai iya bi. Manazarcin nan Darko Suvin, a littafinsa na 1979, ya nuna cewa abin da ya raba wannan nau'i da tatsuniya shi ne sabon abin da aka shigo da shi dole ya sami gindin zama a cikin tunani irin na ilmi. Ke nan wanda ya ce lissafi ya zo da shi, dole ya yi haƙuri idan aka bi shi da ƙidaya.

Wannan nau'i ba baƙo ba ne a Hausa. A shekarar 1969, wadda a cikinta ne ɗan Adam ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba wanda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya tafi da shi yawon sararin samaniya. Sai dai wannan hanya da Dembo ya share ba ta sami mabiya da yawa ba. Adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 ya fi karkata ga soyayya da zaman aure da jaruntaka. Giɓin da aka bari sai fina-finan waje suka cike shi, musamman na Indiya, waɗanda suka shafe fiye da shekara hamsin ana kallonsu a Arewa, daga baya kuma masu fassara su zuwa Hausa a Kano suka ƙara kusanto da su ga matasa ta gidajen kallo da wayoyin hannu.

3.0 Mai Kallon da Aka Ɗauka a Matsayin Ma'auni

Kasuwar Kifi ta Baga Road ita ce babbar matattarar bandar kifin da ke fitowa daga Tafkin Cadi, ta Baga da Doron Baga, tafiyar kusan kilomita 200 daga Maiduguri. A nan ake sauke tarwaɗa da ƙarfasa da sauransu, a sake ɗaure su cikin kwalaye, a loda wa manyan motoci zuwa Anaca da Inugu da Legas. Duk da cewa Maiduguri garin Barebari ne, Hausa ce harshen ciniki a wannan kasuwa, kuma da yawa daga masuntan tafkin Hausawa ne da suka yi ƙaura daga yamma.

Matashin da ya tashi a nan, ko ɗan dako ne, ko mai ɗaurin kwali, ko yaron fatoma, yana da wani ilmi wanda ya shiga jikinsa tun yana ƙarami. Ya san abin da rana ke yi wa nama, da abin da hayaƙi ke yi masa. Ya san tsawon lokacin da kifi ke ɗauka kafin ya fara wari, da yadda ƙwari ke mayar da kwali guda gari idan aka yi sakaci. Ya san cewa kowace tafiya tana cin mai, kowane kaya yana da nauyi, kowace asara kuma akwai wanda zai ɗauke ta. Bugu da ƙari, ya san bala'i ido da ido. A watan Janairu na 2015 aka far wa garin Baga, a ranar 7 ga Maris na wannan shekara kuma bam ya tashi a kasuwar kanta. An yi shekaru fataucin kifin yana tafiya da ƙyar saboda rufe hanya da takunkumin tsaro. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci babban ɓangare na birnin. Wannan shi ne mai kallon da za mu zaunar gaban fina-finan nan uku.

4.0 Inda Aka Cika Alkawari: Jadoo da Girgije

Ya kamata a fara da wurin da dabarar ta yi aiki, domin a ga bambanci. A fim na farko, Rohit saurayi ne wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu tun yana ciki, sakamakon haɗarin motar da ya kashe mahaifinsa. Ya kunna tsohuwar kwamfutar uban, wadda aka ƙera domin aika saƙo sama, sai baƙi suka sauko, suka tafi suka bar ɗaya daga cikinsu, wani ɗan halitta shuɗi da aka sa wa suna Jadoo. Tun da wuri an kafa ƙa'ida guda: Jadoo daga hasken rana yake samun ƙarfi. Da aka zo wasan ƙwallon kwando tsakanin Rohit da yara abokansa a gefe guda, da ƙartin samari a ɗaya gefen, sai girgije ya rufe rana, Jadoo ya kasa taɓuka komai, aka yi ta cin yaran har sai da gari ya washe.

Mai kallonmu zai yi dariya a nan, watakila ma ya ce da a Maiduguri Jadoo ya sauka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da babu mai iya tare shi. Amma wannan dariya ba ta rushe labarin ba. An faɗi ƙa'ida, an kiyaye ta, har ta jawo wa taurarin wahala. Abin da aka sa a faifai kuma ƙarami ne, wato mutuncin yaron da aka daɗe ana yi wa ba'a. Shi ya sa idan aka zo rabuwar Rohit da Jadoo, tausayin yakan kama mutum da gaske, domin a kan abota ya tsaya, abotar kuwa mun ga yadda aka gina ta.

5.0 Inda Aka Saɓa Alkawari

5.1 Kwamfutar da Ke Ganin Gobe

A fim na biyu an shaida mana cewa Dokta Siddhant Arya ya ɗauki Rohit aiki a Singafo domin ya ƙera kwamfuta mai nuna abin da zai faru nan gaba. Rohit ya gama, ya duba, ya ga Arya zai kashe shi, sai ya farfasa na'urar. Arya bai kashe shi ba saboda dalili guda: makullin na'urar shi ne ƙwayar idon Rohit da bugun zuciyarsa. Saboda haka ya tsare shi shekara ashirin, yana sake haɗa na'urar, iyalinsa kuwa suna zaton ya mutu.

An so wannan tonon asiri ya girgiza mai kallo. Abin da ke fara zuwa zuciyar matashin da ya saba kai wayarsa wurin masu gyara shi ne: mutumin da ya iya sake gina na'urar ganin gobe daga tarkace, yaya aka yi cire makulli ya gagare shi har shekara ashirin? Aikin da ya fi wuya an yi shi, mai sauƙin kuma ya faskara, don kawai marubuci yana bukatar uban ya rayu har ɗansa Krishna ya girma ya zo ceto. Daɗin daɗawa, goben da na'urar ke nunawa tana zuwa ne a tsare kamar fim, da kusanto da fuska da sauya kusurwa, sai mutum ya rasa wane ne ya je gobe ya riƙe kyamara. Dariya a nan ta fito ne daga ganin hannun marubuci a fili, kamar yadda yara ke fashewa idan suka hango ƙafar ɗan unguwarsu a ƙarƙashin rigar dodo.

5.2 Sulken Kaal

Mugun fim na uku, Kaal, mutum ne wanda jikinsa ya shanye, yana sarrafa abubuwa daga nesa da ƙarfin tunani, ya kuma ƙirƙiri wasu halittu rabi mutum rabi dabba, ciki har da mace mai sauya kama irin ta hawainiya da wani mai dogon harshe irin na kwaɗo. Bayan ya sami lafiya da ɓargon Rohit, sai ya janyo ɓaraguzan ƙarfe suka manne a jikinsa suka zame masa sulke. Kiɗa da haske da tsayuwar ɗan wasan duk suna cewa a ji tsoro. Idon mai kallo kuwa yana ganin abin da ya yi kama da kayan da 'yan gwangwan ke aunawa a sikeli. Marubucin Ingila Alexander Pope ya yi wa irin wannan faɗuwa ba'a tun a ƙarni na 18, wato marubuci ya yi yunƙurin hawa ƙololuwa sai ya zame ya faɗa kwata. Kambamar zulaƙe tana da kyau a bakin maroƙi, amma idan aka ce ga abin nan a gani, tilas girman abin ya kai girman kirarin.

5.3 Tayar da Matacce da Hasken Rana

Wannan ita ce fitowar da ta fi kowace nauyi a jerin gaba ɗaya. Tun a farkon fim na uku an nuna Rohit yana gwajin raya mataccen tsiro ta hanyar tattara hasken rana da madubai. Tsiron ya farfaɗo, sa'an nan ya ƙone, sai aka ce abin da ya rage shi ne matatar da ke da tunani, wadda za ta san iyakar hasken da ake bukata. Da Kaal ya kashe Krishna, sai Rohit ya jera madubai, ya tsaya da kansa a matsayin matatar, haske ya ratsa shi ya shiga gawar ɗansa. Ɗan ya tashi, uban ya salwanta.

Za a iya cewa ai an kafa ƙa'ida tun farko, kamar yadda aka yi wa Jadoo. Bambancin shi ne Jadoo baƙo ne daga wata duniya, babu wanda ya san jikinsa, don haka duk abin da aka faɗa a kansa sai a karɓa. Gawa da rana kuwa kowa ya san su, mai sana'ar banda ya fi kowa. Duk gaggawar da masunci ke yi, ta yanka kifi gunduwa-gunduwa, da hura wuta, da shanya, tsere ne da abin da zafi ke yi wa mushe. Rana takan busar, ko ta ruɓar. Wanda ya kwana ya tashi a cikin wannan sani, idan aka nuna masa an ƙara wa gawa rana domin ta tashi, to an taɓa abin da ya fi marubucin sani. Maganar matata mai tunani kuma kalmomin kimiyya ne kawai aka jera ba tare da wani aiki a bayansu ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Idan mutuwa tana warwarewa da madubi, to kukan da aka sa mu yi minti biyar da suka wuce ya zama na banza. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu a 2015 sun san mutuwa ba ta da ragi. Dariyarsu a wannan wuri ƙin amincewa ce da a sayar masu da baƙin ciki a araha.

5.4 Lissafin da Ba a Yi Ba

A cikin fim ɗin dai, Kaal ya fara sakin ƙwayar cutarsa a Namibiya domin ya sayar da magani. 'Yan Afirka suka yi ta mutuwa na ɗan lokaci kaɗan a allo, labari ya wuce. Sai da cutar ta isa Mumbai sa'an nan jarumi ya tashi haiƙan, aka sami magani daga jininsa. A faɗan ƙarshe kuma an ragargaza dogayen benaye, ba a tsaya an ce ga adadin waɗanda ke ciki ba. Ɗan kasuwa ba ya rufe littafi sai ya san wanda asara ta hau kansa. Mutumin da ya ga yadda ambaliyar kwana kaɗan ta bar iyalai a sansani, yana kallon birnin da aka rusa aka kuma yi murna a cikinsa, dariyar da zai yi mai ɗaci ce.

6.0 Abin da Marubucin Hausa Zai Ɗauka

Ba a kawo waɗannan misalai don a rena fina-finan ba. Sun yi kasuwa, sun kuma sa miliyoyin yara sun ɗaga kai sun dubi sama. Fitowar da Krishna ya kutsa cikin gobarar gidan wasa ya ceto yara tana da ƙarfi har yau, domin wuta wuta ce a ko'ina. An kawo misalan ne domin ɗalibin da zai ɗauki alƙalami ya ci gaba daga inda Dembo ya tsaya ya lura da abubuwa huɗu.

Na farko, ƙarya guda ake yafe wa marubuci, wato sabon abin da ya shigo da shi. Daga nan sai ya bi sakamakonta da gaskiya, ko da za ta ɓata masa shirin da ya yi wa tauraronsa. Na biyu, ya yi ƙaryarsa a inda mai karatu ba shi da masaniya, ya kiyayi abin da mai karatu ke taɓawa da hannunsa kullum. Na uku, kowane abin al'ajabi ya zo da farashinsa, a kuma ga wanda ya biya. Na huɗu ya shafi harshe. Fassarar kalmomin kimiyya aiki ne mai daraja, amma tauraron da jirginsa ke ci da wuta ba zai tsaya cewa a kashe na'ura mai ƙwaƙwalwa ba, kwamfuta zai ce, ko ma ya ce a kashe ta kawai. Doguwar kalma a bakin mai neman ceto ita kanta gayyatar dariya ce.

Abin da zai ba da sha'awa shi ne, kayan aikin da ake bukata suna nan a bakin tafkin. Ga gaiwa, kifin da ke da huhu, wadda idan ruwa ya janye takan shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta rage numfashi, ta yi watanni tana cin jikinta, har ruwa ya dawo ta farfaɗo. Bahaushe ya san wannan har ya sa shi cikin karin magana. Marubucin da ke son matafiyansa su yi barcin shekaru a hanyar wata duniya, idan ya gina dabararsa a kan gaiwa, babu masuncin da zai yi masa dariya, sai dai ya gyara masa bayani. Ga kuma gansakukar nan da matan Kanem ke kwasa a tafkunan kanwa, suna shanyawa suna miya da ita, wadda suke kira dihe. Irinta ce hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta yi gwajin rayawa a tashar sama, domin samar wa matafiya abinci da iskar shaƙa. Ga tafkin kansa, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, har aka yi ta shawarar haƙa magudana mai tsawon kilomita 2,400 domin a janyo masa ruwa daga yankin Kogin Kwango, shawarar da aka sake tattaunawa a taron Abuja na watan Fabrairu 2018. Wane ne zai mallaki ruwan idan ya iso? Gonakin da aka yi a inda tafkin ya janye fa, da ƙauyukan da aka kafa a kai? Waɗannan tambayoyi sun ishi jerin littattafai.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa dariyar da ke kuɓucewa a wurin da aka so kuka tana da dalilai da za a iya tantancewa: ko an ga hannun marubuci yana tanƙwara labari, ko kirari ya fi abin girma, ko an saɓa wa abin da mai kallo ya sani da jikinsa, ko an ƙi yin lissafin asara. An kuma nuna cewa inda aka kafa ƙa'ida aka kiyaye ta, kamar a labarin Jadoo, dariya da tausayi sukan zauna tare ba tare da ɗaya ta kori ɗaya ba. Shawarar da za a ba ɗalibi ita ce, kafin ya miƙa labarinsa na kimiyya ga editan wannan mujalla, ya karanta fitowar da ya fi ji da ita ga mutanen da suka san rana da ruwa da wuta ta hanyar sana'arsu. Idan suka yi dariya a inda bai nufa ba, kada ya yi fushi. Ya sa alama a wurin, ya tambaye su dalili, ya koma ya gyara.